Shekarar Miya Lami

Ranar sunan ɗan Maryam ina cikin ɗakin mai jego ina gyara ma jariri zani, na jiyo muryarka daga tsakar gida, kai Abba, kana ba matanku da 'yan uwa labari. Ka ce akwai wata shekara da Mama ta lashi takobin sai ta ga bayanku da miya lami, da babanku ya yi magana sai ta saɓi jaririya ta yi yaji, ta bar ku wata biyu kuna shan shayi da burodi. Aka yi ta dariya. Hauwa ta ƙara da nata, ta tashi tana kwaikwayon yadda nake ɗaga jarka. Ban fito ba, don taro ne, kuma ba a koya mani tsinka ɗa a gaban matarsa ba. Amma tun ranar abin yake ci na. Kusan shekara talatin kuna ba da labarin nan a karkace, ina ji ina haɗiyewa. Na gaji da haɗiya. Ku karanta, ku shida, kuma kada wanda ya bugo mani waya yana ba ni haƙuri kafin ya kai ƙarshe.

Ku fara da sanin halin da nake ciki a lokacin. Ina aikin buga takardu da tafireta a ofis nan Kankia, babanku kuma yana sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa birni. Ku biyar ne, ga cikin Maryam. Ba mai taya ni aiki. Kafin kiran assalatu na hura wuta, in yi maku wanka, in sallame ku makaranta, in ruga ofis, in dawo bayan azahar ƙafafu kamar an ɗaura masu duwatsu, in sake ɗora tukunya. Macen da take irin wannan rayuwa ba ta zaɓen abinci, wanda ya fi saurin nuna shi take dafawa. Yau shinkafa da mai da yaji, gobe taliya da mai da yaji. In miya ce, a jefa mata dunƙule biyar da gishiri cike da hannu don ta yi daɗi ba tare da wahala ba. Da safe shayi kamar zuma. In babanku ya yi ciniki ya shigo da tsire da lemon kwalba, maƙwabta su ce gidan Malam Sada ana cin daɗi. Dawa da gero kuwa, ga su buhu-buhu a ɗakin ajiya, ba mu waiwaye su sai da azumi, don a ganinmu tuwon dawa na mutanen ƙauye ne, mu mun waye. Da hannuna a cikin wannan wautar, ban cire kaina ba.

Da na haifi Maryam, yayar babanku, Gwaggo Dije, ta zo daga Kusada ta yi mani wankan jego. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen bedi, wato darbejiya, in na fito kuma a dire mani ƙwaryar kunun kanwa, sai na shanye tana tsaye a kaina. Kafin sati biyu ƙafafuna suka kumbura, in na danna da yatsa sai ramin ya zauna. In na kwanta numfashi ya ƙi, a zaune nake barci. Na gaya mata.

"Yaya, kunun nan kamar ƙara mani kumburi yake."

"Sanyi ne bai fita ba," in ji ta. "Ƙara kanwa za a yi. Mu tara uwarmu ta haifa, da kunun nan ta yi jegonmu duka."

Ta kuwa ƙara. Ranar kwana ashirin da uku, da hantsi, na tashi in shanya zanen goyo, na yanke jiki na faɗi a bakin rijiya. A asibiti na farka. Likita ya ce jinina ya hau, zuciyata ta gaza, ruwa ya taru a jikina, kanwa da gishiri kuma ƙara tara shi suke yi. A gaban babanku ya faɗa, da Hausa, ba da Turanci ba. Kwana tara na yi a kwance. Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace 'yar Rimaye mai faɗa kamar uwar mutum, ta ga na kama ƙarfen gado da hannu ɗaya, na dafa bango da ɗayan, kafin in miƙe.

"Shekarunki nawa?"

"Talatin da bakwai."

"Kina tashi kamar 'yar saba'in. Magani kaɗai ba zai riƙe ki ba. Ki gyara tukunyarki, in likita ya ba ki izini kuma ki fara motsa jiki."

Na ji haushi na ce, "Wane motsa jiki kuma, ni da ba na zama tun asuba?"

"Wannan wahala ce," ta ce. "Wahala daban, ƙarfi daban. Wahala cin jiki take yi, ƙarfi kuwa gina shi ake yi."

Ta nuna mani yadda zan zauna in tashi ba tare da na dafa komai ba, da yadda zan tura bango da hannuwa, ta ce in ƙarfi ya fara zuwa in riƙa ɗaga abu mai ɗan nauyi. Da babanku ya shigo ɗaukata, ta kama hannunsa ta auna jininsa shi ma, ko neman izininsa ba ta yi ba. Nasa ya ɗara nawa. Ya yi dariya ya ce namiji ai da jini aka san shi.

A hanyar gida na yanke cewa tukunya ɗaya za a riƙa ɗorawa a gidan nan. Ba ni da lokacin biyu, ba ni da ƙarfin biyu, na kuma ga abin da awo ya nuna a hannun babanku. Ban kuma so ku tashi da irin harshen da ya kusa kai ni kabari ba. To bari in gaya maku mene ne wannan lamin da kuke ta yayatawa. Gishiri ragewa na yi, ban hana ba. Dunƙule ya koma ɗaya, na cike gurbin da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Na buɗe buhun dawa. Tuwo da miyar kuka, ko kuɓewa, ko taushe. Dambu da zogale, faten wake, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Da safe kunun gero da sukari kaɗan. Shinkafa sau biyu a sati, lemo sai da baƙo ko salla, in kwaɗayi ya taso ga gwaiba ga yalo. Ranar Asabar da sauran mata ke hutawa nake kai niƙa, in tsince wake, in shanya zogale, don girkin sati ya zo da sauri. Loma ɗaya ban rage ma kowa ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa a cikinku ya faɗa.

Juma'ar farko na yi tuwo da miyar kuka. Kai Abba, kana shekara goma sha uku, ka kai loma ɗaya ka ture kwano.

"Mama, an manta gishiri."

Babanku ya ɗanɗana, ya jawo ruwa ya wanke hannu.

"Rakiya, ke aka rubuta ma magani, ba gidan nan duka ba."

Ya fita. Kafin la'asar ya dawo da tsire a takarda, ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana kiran ku ɗaya bayan ɗaya yana ba ku a baki, ni ina zaune da kwanukan tuwo sun yi sanyi. Ba sau ɗaya ya yi haka ba. Da a waje ya ci abinsa ya goge baki ya shigo, da ban riƙe ba. Abin da ya ƙona mani rai shi ne ya koya maku cewa abincina horo ne, nasa kuma shi ne so. Yaro ba ya da laifi in ya bi daɗi. Amma shi ya ji abin da likita ya ce.

Bayan wata uku likita ya ba ni izini. Ba ni da wani lokaci na kaina, don haka na saci na tukunya. In na ɗora girkin yamma, kafin ruwa ya tafasa, sai in zaga bayan kicin. In zauna a bakin dakali in tashi, in zauna in tashi. Ranar farko biyar ban iya ba, cinyoyina na rawa kamar na mai zazzaɓi. In tura bango. Daga baya na samo jarkoki biyu na zuba masu ruwa rabi-rabi, in riƙe ɗaya a kowane hannu in taka daga rijiya zuwa kicin in dawo, in ɗaga ɗaya zuwa ƙirji in sauke. Minti goma ne kawai. Cikin wata biyu na kai ashirin a tashi-zauna, kumburi ya tafi, na fara hawa matakalar ofis ba tare da na tsaya haki ba. A karon farko tun haihuwar Hauwa na sunkuya na ɗauki yaro bayana bai amsa ba. Ke Hauwa da kike kwaikwayona, na ga yadda kika dafa bango kafin ki tashi daga tabarma ranar sunan, ga ki da yara huɗu da aikin koyarwa. Ban ce maki komai ba a lokacin. Yanzu na faɗa.

Wata maƙwabciya ta hango ni ta kan katanga tana shanya. Kafin kwana uku labari ya zaga unguwa. Da farko aka ce iska ce ta taɓa ni tun faɗuwar bakin rijiya. Wannan ban damu ba. Sai magana ta juya, aka ce ramewa nake nema don mazan ofis. Ni da jaririya a baya, ni da na fito daga bakin mutuwa. Wata rana Hauwa ta dawo daga Islamiyya tana kuka, ta jefar da jaka.

"Mama, don Allah ki daina. An ce so kike ki koma budurwa."

Na dube ta. Na san ba daga yara maganar ta fito ba, daga ɗakunan iyayensu ta fito, mata irina, masu ciwon baya irin nawa. Na share mata hawaye, na koma na ƙarasa ashirin ɗina.

Gwaggo Dije ce ta kai ƙara Kusada. Babban wansu, Alhaji Babba, ya aiko mu zo ni da babanku ranar Lahadi. Muka bar ku a gida, na goya Maryam. A ɗakin Alhaji aka zauna, maza huɗu a kan darduma, Gwaggo a gefe, ni a bakin ƙofa. Ita ta fara.

"Ku dube shi, ƙanena ya koma kamar kara. Hatsi cike da ɗaki, ita kuma tana ɗaukar albashi, amma ganye take ba ɗiyan mutane kamar awaki. Rowa ce kawai. Ga tsalle-tsalle tana yi a bayan ɗaki ana yi da mu a gari. Har cewa ta yi kununa ne ya kusa kashe ta. Ta mai da ni mayya."

Ban taɓa faɗin haka ba. Likita ne ya yi maganar kanwa, kuma bai kira sunan kowa ba. Babanku kuwa bai rame ba, ko maɓallin riga bai saki a jikinsa ba. Na ce:

"Alhaji, ga shi nan zaune. A tambaye shi abin da likita ya ce a gabansa, da abin da awo ya nuna a hannunsa."

Kowa ya juya ya dube shi. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin darduma.

"Ni dai zaman lafiya nake so," ya ce.

Iyakar shaidar da ya ba ni ke nan. Alhaji Babba ya gyara murya.

"To, Rakiya, ki koma girki yadda kika saba, ki bar wannan abin na bayan ɗaki, ki ba Dije haƙuri."

"Haƙuri zan ba Yaya, don ta girme ni, kuma na san ba da mugunta ta yi ba. Amma tukunyar da ta kai ni asibiti ba zan koma mata ba."

"Ko mijinki ne ya ce?"

"In so yake in mutu in bar mashi yara shida, ya faɗa da bakinsa, ga ku shaida."

Na san na taka abin da ba a takawa a gidan, mace ta mayar ma Alhaji Babba magana. Yayyensa suka zuba mashi ido su ga ko namiji ne. Shi kuma, maimakon ya faɗi gaskiyar da ya sani, sai ya zaɓi ya nuna masu.

"Ki tafi gida ki huta," ya ce, bai ko dube ni ba. "Sai na neme ki."

Ku karanta wannan sau biyu. Ban yi yaji ba. Kora ta aka yi, a gaban mutum biyar, a kan gishiri. Ya kuma ce kada in bi ta Kankia gidansa. Daga Kusada na shiga mota da zanen da ke jikina da Maryam a baya, na wuce gidanmu Sukuntuni. Shi kuma ya koma ya ce maku Mama ta yi fushi ta tafi.

Wata biyu na yi. Aiki ba ya jiran mai rikicin aure, kullum sai na fito bakin hanya neman mota zuwa Kankia da goyo, in gama in koma. Ina cikin garin da 'ya'yana suke, ba ni da ikon shiga in ga ko sun ci. Sau biyu na kasa daurewa na je ƙofar makarantarku lokacin tashi. Ƙanana suka rugo suka riƙe mani zani. Kai Abba ka hango ni, ka kau da kai, ka bi ta ɗaya hanyar. Ban ga laifinka ba, abin da aka gaya maka ka kama. Amma ranar a mota na yi kuka har wata mata ta tambaye ni wa ya rasu. Da na isa, Inna tana daka a tsakar gida, mace ta doshi saba'in, taɓarya na tashi na sauka. Ta dube ni ta ce:

"Abin da kuke jin kunyar ci a birni shi ya riƙe ni har yau. In kin san kina da gaskiya, ki share ido ki zo ki kama mani tankaɗe."

Gwaggo Dije da ta yi alkawarin riƙe gidan, kwana goma sha biyu ta yi ta ce ƙafa na damunta, ta koma Kusada. Daga nan ne kuka shiga shayi da burodin da kuke ba da labari. Sai da ƙaramin waɗanda na bari a gida ya kwanta da gudawa sannan babanku ya zo biko. Na ce zan koma, amma tukunya ɗaya ce, mai son gishiri ga shi nan a kwano ya ƙara ma kansa, kuma bayan kicin nawa ne. Ya amince. Sannan ya rage murya.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada yara su san ni na ce ki tafi."

Na yarda. Ina son in dawo wurinku, kuma na ga girman uba abu ne da ba a fasawa. Na ɗauki laifin na aza a kaina, ina zaton shekara ɗaya biyu za ku manta.

Abin da kuka manta shi ne sauran labarin. Shekara ba ta zagayo ba kuna faɗa a kan ƙanzon dambu. Kwanon gishirin nan ƙura ya riƙa yi. Babanku ne kaɗai bai sauya ba. A gida ya ci nawa, a kasuwa ya ci nasa, magani kuma ya ce ba zai sha ba tunda ba inda ke mashi ciwo. Shekara tara bayan haka ya faɗi a kasuwa yana cikin awo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Kun san babanku ba ƙaramin mutum ba ne. 'Yan uwansa maza suka yi sati ɗaya suna sintiri, daga nan kowa ya kama gabansa. Ku manya kuna makarantu. Shekara huɗu ni nake ɗaga shi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, in yi mashi wanka, in juya shi kada bayansa ya yi gyambo, kafin in tafi ofis da bayan na dawo. Da ƙarfin bayan kicin na yi wannan. Gwaggo Dije ta zo dubiya, ta zauna a bakin gadon da na gyara, ta ce ganye ne ya tsotse mashi jini. Na fita na bar mata ɗakin, don da na tsaya da na faɗi abin da zan yi nadama. Ta riga mu gidan gaskiya, ina yi mata addu'a kamar yadda nake yi mashi. Addu'a ba ta hana faɗin abin da ya faru.

A shekararsa ta ƙarshe, kai Abba ka zo hutu. Da hantsi na ɗago shi na jingina shi da filo, kana zaune kusa da ƙafarsa, sai ka yi wannan barkwancin naka na shekarar lami don ka sa shi dariya. Bai yi dariya ba. Ya kamo hannunka da hannunsa mai lafiya, ya dube ni, ya dube ka, bakinsa ya shiga motsi. "Ni," ya ce. "Ni." Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye na zuba ta ido ɗaya, sauran maganar ta ƙi fita. Ka ce, "Baba, ruwa kake so?" Ka tashi ka ɗebo, ka kai mashi baki. Ya rufe ido ya sha.

Ina tsaye riƙe da kafaɗarsa. Na san abin da yake son faɗa, kalma huɗu ce, "Ni na kore ta," da na ƙarasa mashi. Na yi shiru, don ina so daga bakinsa ta fito, tunda daga bakinsa korar ta fito. Wata biyar bayan nan ya rasu bai sake gwadawa ba. Na ji haushin Gwaggo, na ji na Alhaji Babba, na ji na babanku shekara da shekaru. Amma haushin da ya fi daɗewa a raina na wannan shirun nawa ne. Mutumin ya zo biyan abin da ya ɗauka, na tsaya ina kallo har ƙofa ta rufe.